Jan Ƙyallen Baba Sodangi

Duk direban da ya girma a tashar Ƙauran Namoda ya san Baba Sodangi, bakaniken nan na gindin darbejiya a bakin hanyar Shinkafi. Gajere ne, ga faɗan tsiya, ga hannu mai albarka. Ɗan manoman Banga ne, amma tun yana saurayi ya ajiye fartanya ya ɗauki sifana, ya shafe shekara arba'in cikin baƙin mai. Bai yi boko ba, ba ya rubuta komai. Al'adarsa ɗaya ce: motar da bai gama da ita ba, sai ya ɗaura mata jan ƙyalle a sitiyari. In ka ga ƙyallen nan, ko motar ubanka ce sai ka haƙura. Shi zai kwance da hannunsa, bayan ya zagaya gari da ita ya ji lafiyarta.

Ni Armiya'u, ni na kwance masa ƙyalle, kuma ni na kashe masa sana'a.

Akori-kurata tsohuwa ce tukuf. Sitiyarinta ya soma lilo, sai ka murɗa kusan rabi kafin taya ta ji. Ranar wata Laraba na kai masa ita. Ya zare sandar sitiyarin gaba ɗaya, ya nuna mini kuros, wato gaɓar da ke haɗa sandar da ƙasa, duk ta cinye.

Na ce, "Baba, gobe fa kasuwar Shinkafi, ina da lodin gero buhu ashirin."

Ya ce, "Ni na aza kasuwar? Wagga mota ba ta tashi sai na ce."

Washegari da sassafe na je, ba ya nan, ya tafi Banga sunan jikarsa. Na leƙa mota, ga sitiyari an mayar tsaf, ga ƙyalle. Na murɗa, ba lilo ko kaɗan. Abin da ban sani ba, da yatsu kawai ya ɗaura notin kuros ɗin, sai ya daidaita sitiyari da tayoyi zai matse shi da sifana.

Saboda 'yan bindiga, motocin kasuwa tare muke tashi ƙarfe takwas. Wanda ya makara, ko ya bi hanyar nan shi kaɗai, ko ya zauna gida. Raina ya ɓaci. Haba, mota ta gyaru, sai in rasa kasuwa saboda tsumma? Na ciro ɗayan makullin motar da ke wurina, na kwance ƙyallen, na cusa a aljihu.

Mun kusa Moriki na faɗa wani rami, sai sitiyari ya saki. Ina juya shi yana juyawa kamar faifai, mota kuwa ta kama gabanta. Innalillahi! Muka gangara muka kife a gefen kwalbati. Ba a rasa rai ba, amma Mariya, wata dattijuwa mai sayar da daddawa da ke zaune kan lodi, ta karye a cinya. Har yau da sanda take tafiya. Ni kafaɗa ce ta goce.

Direbobi suka taru a kaina. Wani ya leƙa ƙarƙashin mota ya ce, "Noti ne ba a matse ba! Wa ya yi maka wanga aiki?"

Na ce, "Baba Sodangi."

Ban ƙara ko kalma ɗaya ba. Wallahi tsoro na ji. Tsoron ƙungiyar direbobi ta kore ni daga tasha, tsoron 'ya'yan Mariya.

Kwana biyu sai ga shi ya zo asibiti duba ni, da ledar lemu. Ya zauna bakin gado ya yi mini sannu. Ina jira ya zage ni, don mutum ne da zai zage ka a kan ka taka masa sifana. Bai zage ni ba. Da wani direba ya tsare shi a bakin ƙofa yana cewa tsufa ya soma ci masa hannu, ina ji ya amsa, "Mota daga wurina ta hito. Allah shi kiyaye gaba." Ya san 'ya'yana bakwai, ya san motar nan kaɗai muke ci. Na juya fuska bango, kunya kamar ta kashe ni.

Daga nan aiki ya soma janyewa. 'Yan Zurmi suka fara ɗauke ƙafa, 'yan Shinkafi suka bi. Wa zai miƙa sitiyarinsa ga wanda ke manta noti? Kafin damina biyu, mutumin da motoci ke yi wa layi ya koma facin tayar babur. Ni kuwa na gyara motata a wani wuri na ci gaba da lodi, ina sauya hanya don kada in wuce ta gindin darbejiyar nan.

Bara ciwon ƙafa ya kwantar da shi, aka mayar da shi Banga wurin 'yarsa. Ranar da na ji, na kasa cin abinci. Na je tasha ana tsakiyar taron ƙungiya, na miƙe na faɗi komai: ƙyallen, makullin, shirun da na yi. Na ce a je a nemi gafararsa tun yana da rai.

Sai Alhaji Jaji, shugabanmu, ya dafa ni yana murmushi.

"Armiya'u ke nan, mutumin kirki. Mun san kana son tsohon nan, amma ba sai ka ɗora wa kanka laihi don ka wanke shi ba. Kowa na kuskure. Zauna, Allah shi yi maka albarka."

Duk suka ce amin. Har da mai ce mini samun irina sai an tona.