Ndagi da Nauyin Batir

Duk wanda ya taɓa miƙa wa marigayi Ndagi mai naɗin koyil wani abu ya san abin da zai biyo baya. Ba zai ce an gode ba sai ya ɗora shi a tafin hannu ya jinjina, ya taɓe baki, ya ce, "Ya yi nauyi." Goro ne, waya ce, kofin shayi ne, har jaririn da aka miƙa masa ranar suna bai tsira ba. Ni Bakatsine ne, shi Banufen Bida, kun ga wasan da ke tsakaninmu gado ne. Ga shi shagona na taya yana manne da nasa a unguwar Barkin Sale, nan Minna, don haka kada kowa ya ce in sassauta masa don ya mutu. Da ni na riga shi, wallahi ba zai raga mini ba.

Mutumin da aikinsa gyaran fanka da injin ruwa, rana ɗaya ya ce shi jirgin sama zai haɗa, mai ɗaukar mutum guda, ba fetur, sai batir. Burinsa ke nan a duniya: ƙafarsa ta bar ƙasa a cikin abin da hannunsa ya ƙera, kuma ni in shaida da bakina. Ya samo bututun rumfar biki, ya ɗinka fukafukai da yadin tanti, ya sassaƙa farfela da katako, ya ciro injin wani babur mai caji da ya yi hatsari ya sake naɗa masa waya. Batir kuwa, na matattun laftof ya bi yana tsinta, yana liƙa su da dalma kamar saƙar zuma.

To ga inda gizo ke saƙar. In ya ƙara batir, jirgi ya yi nauyi. In ya rage, caji ya ƙare tun bai je ko'ina ba. Mai hankali sai ya haƙura. Ndagi sai ya ce ai da sauƙi, direban za a rage.

Jama'a, Banufe ya bar shinkafa da kifi! Na gani da idona. Matarsa Nna Fati ta aiko da tuwon shinkafa da miyar kifi, ƙamshi har shagona, ya ɗaga malmala ya jinjina.

Ya ce, "Wannan batir goma ne."

Na ce, "To miƙo, ni ba inda za ni."

Ya ce, "Matata ya ce in na ba bawa abinci ba zai sake dafawa ba."

Shekara da shekaru a Minna, Hausarsa ba ta taɓa raba mace da namiji ba, amma zagi bai taɓa kuskure masa ba. Kowace Juma'a sai ya je wurin masu sayen tsohon ƙarfe ya hau sikelinsu. Har mai sikelin ya gaji ya ce, "Baba, in sayarwa ne ka faɗa, mu yi ciniki."

Sai maganar caji. Ga dam a Zungeru, nan kusa da hancinmu, amma a unguwarmu wuta baƙuwa ce, ta leƙo ta koma. Ana kawowa Ndagi zai cire firjin matarsa, ya kashe fanka, ya jona baturansa, ya zauna yana gadinsu kamar kaza a kan ƙwai. Wata rana da hantsi muka ji ihu daga gidansa: "Ya tashi! Ya tashi!" Masu Keke suka yar da fasinja, mai shayi ya bar tukunya a wuta, kowa ido a sama. Muka shiga, ga jirgi ɗaure da igiya a jikin mangwaro. Ashe inji ne ya tashi. Kuma Nna Fati ta shanya dakakken barkono a bayan farfela. Unguwa ta yini tana atishawa, liman da ƙyar ya kai ƙarshen Fatiha a sallar magariba.

Ranar gwaji muka loda jirgin a a-kori-kura zuwa wani fili a hanyar Zungeru. Ndagi ya rame kamar sandar rake da aka tsotse. Ya cire hula, ya cire takalmi, ya cire agogo, ya miƙa mini. Liman ya ɗaga hannu zai yi addu'a, Ndagi ya ce, "Malam, a taƙaita, caji yana zuba."

Ya hau jirgi, ya murɗa. Abin ba ƙara, sai wani zuuu kamar sauro ya samu lasifika. Jirgi ya zabura, shanun wani Bafulatani suka watse, ya yi gudu, ya yi gudu, ya yi tsalle ɗaya, ya dafe ƙasa da hanci. Batura suka ɗau zafi suna warin roba. Ya fito yana ɗingishi, baki har kunne.

"Bakatsine, ka gani? Taki guda na yi a sama!"

Na ce, "Kunyar doya ka taka ta cilla ka. Ko akuya aka tura da wannan gudun za ta fi ka nisa."

A kan wannan takin muka yi ta musu har ƙarshen rayuwarsa. Ya kawo Bafulatanin shaida, shi kuwa ya ce shanunsa yake kallo. Har a gadon asibiti, da ƙyar yake magana, ya kamo hannuna ya ce, "Na tashi ko ban tashi ba?" Na ce ya warke ya sake, in zo da tabarau. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya ce bawa ba ya shaidar ubangidansa.

Da muka sallace shi, na sa kafaɗa a makara ta gaba. Muka ɗaga, sai ta taho sakayau, kamar ba kowa a ciki. Wani dattijo a bayana ya ce, "Allahu akbar, gawar mutumin kirki ba ta nauyi." Dariya ta taso mini, kuka ya riga ta fita. Na sunkuyar da kai na ce, "Ndagi, yau kam ka bar ƙasa, na shaida."

Allah ya jiƙanka, abokin wasana. Allah ya yafe maka, ya ba Nna Fati haƙuri. Ranar da za a ɗora ayyukanka a mizani, Allah ya sa mala'iku su jinjina su ce ya yi nauyi. Amin.