Ɗigon Hasken Baba Mayen Ƙarfe

Kafin mai gadi ya gama buɗe ƙofar makaranta, Baba Mayen Ƙarfe yana tsaye yana jira. Yakan share ɗakin gwajin kimiyya, ya rataya tsofaffin barguna a tagogi don ɗakin ya yi duhu, sannan ya zauna yana mai da numfashi. Mai kula da kayan gwaji ne. Ni ce malamar, kuma na gaji da zana kibiyoyi a allo ina rantse wa yara cewa ƙwayoyin lantarki, in suna gudu suka ratsa kusa da maganaɗisu, wato mayen ƙarfe, hanyarsu lanƙwashewa take yi. Kai kawai suke gyaɗa mini kamar ƙadangaru.

Baba ne yake sa su gani da ido. Yana da wata tsohuwar talabijin mai ƙatuwar ƙeya, ya yi mata dabara har hotonta ya koma ɗigon haske guda a tsakiyar gilashi, daidai inda ƙwayoyin lantarkin suke faɗowa. Sai ya miƙa wa ɗaliba mayen ƙarfen da ya ciro daga matacciyar lasifika.

"Matso da shi, 'yata, ba ya cizo. Kin ga ya gudu sama? To, juya ƙarfen."

Ɗigon ya gangaro ƙasa, aji ya kaure da ihu. Dokar Baba ɗaya ce: ba ya riƙe wa kowa ƙarfen. Ko ajin ya cika kamar kasuwa, kowa sai ya kori hasken nan da hannunsa, ko da abincin Baba zai huce a kwano.

Bara masu gyaran ɗaki suka ɗauka talabijin ɗin shara ce, suka ɗora wa mai sayen tsofaffin ƙarafa a kurar da yake turawa. Mai gadi ya ga Baba, da ciwon gwiwarsa, yana ɗingishi bayan kurar har bakin titi. A ka ya dawo da ita, ya jiƙe sharkaf da gumi. Da na je duba shi, matarsa ta ce, "Malama, ai tamu ta gida ma shi ya ɓata mata launi da ƙarfen nan. Har yau mai karanta labarai kore muke ganinsa."

Ƙarshen watan nan Baba zai yi ritaya. Ba a ɗauki kowa a madadinsa ba, irin talabijin ɗin kuma ta ɓace a kasuwa. Tsorona ke nan: ya tafi, ta mutu, in koma rantsuwa a gaban allo. Makon jiya kuwa ta ƙi kamawa, yara sun yi cirko-cirko a duhu. Baba bai taɓa ta ba. Ya nuna mini gefen akwatin.

"Nan za ki buga, da tafin hannu, ba da fushi ba. Bayanta kuwa kada ki kuskura ki buɗe, wutar ciki ba ta san malama ba."

Na buga. Ɗigon ya fito.

Baba, kai ne jakin ɗakin nan, ka sha kaya ba ka yi ƙorafi ba. Kai ne ka sa yaranmu suka daina haddar abin da ba su yarda da shi ba. Mun gode, Allah ya huta gajiya, ya sassauta wa gwiwar nan.

Mu da muka rage, duk mai abin nunawa ya daina riƙewa shi kaɗai, ya miƙa wa yaro. Na gaji, Baba, amma tawa gajiyar ba ta kama ƙafar taka ba. Ka bar mini bargunan, ni zan rataya.