Tafi Guda na Ganyen Sabara

Duk Gumel, har ka dangana da Maigatari, babu harshe irin nawa. In na lasa jiƙo sai in gaya maka sunan bishiyar da na akuyar da ta kwana a gindinta. Gadon kakata ne, Inna Dije.

A Sule Tankarkar, lokacin sanyi, bayan isha'i take hura mana karan gero a tsakar gida. Hayaƙi yana miƙewa a hankali, ni kuma na tada kai da cinyarta, zanenta na ƙamshin saiwoyi.

"Ga ta nan tafe, ku matsa mata," in ji ta.

"Ta zo ta sha ɗumi," mu yara mu amsa, sai ta fara tatsuniya.

Wai wata Bafulatana ce ciwon ciki ya kama ɗanta da rani. Tana kuka a daji sai wata tsohuwa ta fito daga cikin sabara, gashinta fari kamar ganyen, ta ce ta tsinki tafi guda ta jiƙa. Yaro ya warke. Da damina ciwon ya dawo, uwar ta sake tsinko tafi guda. Daga nan muryar Inna takan yi nisa, in ga ni ma ina bin shanu cikin sabara, farin wata yana kiwo tare da mu.

Na girma na buɗe shagon jiƙon sabara a kwalba. Da na nemi lambar hukuma, wadda in babu ita za a garƙame shagon, aka kai kwalabena ɗakin gwaji a Kano. Malamar da ta auna ta ce, "Alhaji, waɗannan ba uwarsu ɗaya ba. Sinadarin wannan ya ninka na waccan, waccan kuwa ruwa ne mai kala. Sai ka daidaita ƙarfinsu ka dawo."

Na rantse mata tafi guda nake zubawa rani da damina, kamar yadda tatsuniya ta ce. Har yau ina mamakin yadda ganye ɗaya yake sauya hali kamar mutum.

Na kai kuka wurin yayata Hauwa a Gagarawa.

"Ai da damina yaron bai warke ba," ta ce. "Uwar ta koma, tsohuwa ta ce mata, kin tambaye ni nawa, ba ki tambaye ni yaushe ba."

"Yaya, yaushe Inna ta faɗi wannan?"

"Kullum. Kai dai ba ka taɓa kai ƙarshe ido biyu ba. Mu muka gaji maganin, kai cinyar ka gada."