Kekena da wuƙaƙen Layya

Shekarun baya, tun hanyar gonarmu ta bayan gari tana biyuwa ba fargaba, na taɓa shafe watanni a kan keke ban matsa daga gindin rumbunmu ba. Har yau idan na tuna sai wani ɗan haushi ya taso mini, irin wanda mutum bai san wa zai ɗora wa ba.

Karyewa na yi a ƙafa a makaranta, aka dawo da ni gida Birnin Gwari jinya. Da mai ɗori ya kwance karan, ƙashi ya haɗe amma gwiwa ta ƙi lanƙwasuwa. Likita ya duba ya ce maganinta motsi, in da keke a gida in riƙa tuƙawa. Ba don kunya ba da na rangaɗa guɗa a ofishinsa. Tun ina ƙarama nake kallon yayyena maza suna ficewa a kan keke, ni kuwa ina tsaye a bakin zaure ina raka su da ido. A raina na sha bin hanyar nan mai ratsa ɗorayi har bakin daji, iska tana ɗaga mini mayafi, ba wanda ya aike ni, ba wanda yake jirana.

Mahaifina ya saurari bayanin likita har ƙarshe, sannan ya shafa gemu.

"Uwata, budurwa kamarki a kan keke tsakiyar gari? Ki fara a cikin gida. In ƙafar ta yi ƙwari kafin ki koma makaranta, ni da kaina zan raka ki hanyar gona da sassafe ki hau."

Wannan alkawarin na riƙe. Sai dai tsakar gidanmu ba wurin tuƙi ba ce, ga rijiya, ga turame, ga awaki. Wani yayana, wanda bai taɓa ganin abu ya bar shi yadda Allah ya yi shi ba, ya samo katako da ƙusa ya ɗaga tayar baya ta bar ƙasa, ya ɗaure ta gaba a jikin rumbu. Ya ce in hau in taka feda iya son raina.

Kwanakin farko sun yi mini daɗi. In rufe ido in taka, in ga kaina ina wuce gonakin dawa, ina jin ƙanshin ƙasa mai raɓa. Kakata tana zaune a tabarma tana ɓarar gyaɗa, ba ta bari mafarkin ya yi nisa.

"Ƙawata, yau ina aka nufa? In kin isa Zariya ki gaishe su."

"Sai na dawo, Hajiya."

"Ni tawa kakar da ƙafa ta keta dajin nan tare da fatake, kuma ta isa. Ke ga ki da ƙarfe, har yanzu kina gindin rumbu."

Wannan duk mai sauƙi ne. Masifar ta fara ne ranar da na buɗe ido na ga yayana ya tsuguna yana kallon tayar baya tana juyawa, kallon da na san ba alheri.

"Duk wannan ƙarfin a banza yake tafiya," in ji shi.

Kafin azahar ya samo dutsen wasa wuƙa mai kewaye, ya kafa shi a kan katakon, ya haɗa shi da tayar da zaren tsohuwar roba. Ina takawa dutse yana juyawa. Ya ɗauko wuƙar mahaifiyata ya kara, tartsatsi ya tashi. Mahaifiyata ta gwada ta a kan kabewa, wuƙa ta wuce kamar a ruwa. Ko hannu ba ta wanke ba ta leƙa ta kan katanga ta ba maƙwabciyarmu labari, ga Babbar Sallah ta matso.

Abin da ya cuce ni shi ne yadda matan unguwarmu suke roƙo. Ba wadda za ta shigo ta ce a wasa mata wuƙa. Tun daga bakin ƙofa za ta fara: sannu 'yar albarka, Allah ya ba ki lafiyar ƙafa, Allah ya sa ki gama karatu lafiya, Allah ya ba ki masu yi miki. Kina amin, amin, sai ta zaro wuƙa daga cikin mayafi. Wanda ya riga ya karɓi addu'a da wane baki zai ce a'a? An biya ki tun kafin ki san an yi ciniki.

Da farko wuƙaƙen girki ne. Daga baya maza, da yake ba sa shigowa cikin gida, suka riƙa ba matansu saƙo: adda, lauje, gatari, almakashin tela. Wata Bafulatana mai kawo mana nono ta ajiye ƙwarya ta fito da addar mijinta. Kowace ita take riƙe kayanta a jikin dutsen, ni kuwa injin ce kawai.

"Ƙara wuta, 'yar nan."

"A'a, sassauta, za ki cinye mini ita."

"Ke dai taka, tawa ce ta gaba, na bar tukunya a wuta."

Na yi ƙoƙarin rufe ido in koma hanyata ta ɗorayi. Ina! Ba mafarkin da yake jure ƙarar ƙarfe a kan dutse. Da na hango bakin daji sai wata ta dafa ni ta ce in duba ko ta yi kaifi.

Na kai ƙara wurin mahaifiyata. "Umma, likita cewa ya yi in motsa ƙafa, bai ce in buɗe maƙera ba."

"To ba ƙafar kike motsawa ba? Ga lada kuma a kai."

Gaskiyarta ta wani ɓangaren, ƙafa ta warke har ta fi 'yar'uwarta ƙarfi. Na tuna wa mahaifina alkawarinsa, ya ce jibi in Allah ya kai mu. Amma da yayana ya kama kwance igiya, mahaifiyata ta fito daga ɗakin girki da muciya a hannu.

"Layya ta ƙarato za a sauke keke? Matan da na ce wa su zo gobe in ce musu me?"

Aka ɗaga sai bayan Sallah. Bayan Sallah kuwa duk wuƙar da na wasa ta dawo, ta dakushe a kan ƙashin rago. Ranar komawata makaranta tana ta matsowa, ni ina gindin rumbu, ana ta sa mini albarka.

Ana jibi zan tafi, wata dattijuwa da muke kira Gwaggo ta shigo ta fara jero addu'arta. Ni da ban taɓa ɗaga wa babba murya ba, ranar ma ban ɗaga ba. Bakina kawai na kama. Ta yi ta farko, shiru. Ta yi ta biyu, shiru. Tsakar gida ta yi tsit har awaki.

"Ba ki ji ba ne, 'yar nan?"

"Na ji, Gwaggo. Ki ajiye mini addu'ar, in na dawo daga gona zan ce amin."

Kakata ta yi dariya har ta sarƙe. Mahaifiyata ta zaro mini ido. Daga zaure sai muka ji gyaran muryar mahaifina, ya ce a kwance keken nan yanzu.

Washegari bayan asuba muka fita mu uku. Yayana ya turo keken har ƙarshen gidaje, inda hanya ta miƙe tsakanin gonakin da aka girbe. Na sa wando a ƙarƙashin doguwar riga, na ɗaure mayafi, na hau da taƙamar wadda ta yi watanni a kan sirdi. Cikin mu ukun ba wanda ya taɓa kawowa a ransa cewa keken da aka ɗaure a rumbu ba ya koya wa mutum tsayuwa. Ƙafata ta saba da nauyin dutse, na danna feda da ƙarfin wasa gatari, keke ya yi tsalle. Na matse birki, sai a lokacin yayana ya tuna ya cire na baya don ya sami hanyar roba. A cikin tarin karan dawa na sauka.

"Ƙafar fa?" in ji mahaifina.

"Ƙalau take, Baba."

Yayana yana durƙushe yana riƙe ciki don dariya. Mahaifina ya dube shi, ya dubi rana da ta fara ja, sannan ya naɗe babbar rigarsa a kafaɗa ya kama bayan sirdi.

"Hau, Uwata. Ki dubi gaba, ki daina kallon taya."

Dattijon da ban taɓa ganin ya yi sauri ba, shi ne yake gudu a bayana da hula a hannu. Na faɗi, na tashi, na sake faɗi. Can wani karon na daina jin numfashinsa. Ban waiwaya ba. Ɗorayi suka riƙa wucewa da gaske, ba a cikin kaina ba, iska mai sanyi ta shiga hannun rigata, taya tana juyawa ba ƙarar komai sai ɗan shuu a kan ƙasa. Na tafi har rafin da ke bakin daji, yashi ya tare ni ya kayar da ni a hankali. Na zauna a wurin ina dariya ni kaɗai.

Kafin in turo keken in dawo manoma sun fara fitowa, mahaifina ya ce ya isa haka. Washegari na shiga mota. Da na dawo hutu na tarar an mayar da keken kan katako, ƙannena suna karɓa-karɓa.

Hawana ke nan na farko, kuma a waccan hanyar shi ne na ƙarshe, don yanzu ba mai bin ta sai dole. Abin da na koya bai da yawa: mai taushin hali ma yana iya ƙin abu, ko da shiru ne, kuma gara ya ƙi da wuri. Da na kama bakina tun kafin Sallah, da na hau keken nan safiya bayan safiya.

Abin da yake ba ni haushi har yau, in aka tuna lokacin a gidanmu cewa ake yi shekarar da wuƙaƙe suka yi kaifi. Ba mai maganar tafiyata bakin rafi sai mahaifina, shi ma ƙorafi yake yi, wai tun ranar bayansa bai koma daidai ba. In ya faɗa sai ya yi murmushi, ya ce amma ya ga lokacin da na wuce ɗorawa ta ƙarshe, kuma ban karkace ba.