Rabin Haƙorina a Jikin Masara

Komai tsufan da zan yi, ba na jin zan manta da Alhamis ɗin da haƙorina na gaba ya karye a gaban matan zumunta, ana jibi bikin 'yata.

Ni dai tun ina budurwa Allah ya yi ni da jiki. 'Yan okadan Kafanchan in sun hango ni sai su hau duba taya. Da gwiwoyi suka fara gazawa, ga hawan jini, sai likita ya ba da shawarar a yi mini tiyatar rage tumbi a Abuja. Aka yi, aka dace. Kafin shekara ta zagayo na zube, har wasu ke gaishe ni a matsayin ƙanwata.

Sai dai sabon cikin nan akwai mulki. Loma kaɗan ya cika, in na ƙara ɗaya ya maido mini abata. Ga ƙwannafi, ga tashin zuciya, ga baki kullum a bushe. Mama na jin labari daga Kwoi ta kira ni. Mu mutanen Kwoi citta muke nomawa, kuma a wurinmu babu ciwon da ba ta warkarwa, daga mura har ɓacin rai.

"Wannan ba matsala ba ne," in ji ta. "Citta ne maganin shi. Ki sa lemun tsami da zuma, ki dinga sha kaɗan-kaɗan."

Haka na zama mai gora. A makarantar da nake koyarwa, a coci, a kasuwa, kurɓa nake yi daga safe har yamma, kuma gaskiya tashin zuciyar ya lafa. In amai ya zo kuwa, sai in ruga in dirje haƙora da buroshi kamar mai wanke tukunya, wai ni mai tsabta. Da suka fara zogi in na sha ruwan sanyi, na ce shekaru ne. Hankalina duk yana kan bikin, domin ni zan ba da waƙa a coci. Na gaji da ɓuya a layin baya in ana ɗaukar hoto, wannan karon a gaba zan tsaya in washe baki.

Rannan bayan gwajin waƙa, wata cikinmu ta sayo gasasshiyar masara a bakin titi. Na ce ɗan gutsura kawai zan yi. Ina kafa haƙori na ji ƙas! Na duba, ga rabinsa a tsaye a jikin masarar.

Shugabar zumunta ta leƙo bakina ta dafe ƙirji. "Yesu! Maman amarya, taga ya buɗe!"

Mata suka kwashe da dariya, sai daga baya suka tuna da jaje. Ni kuwa kuka na yi, kuka na gaske, har gida.

Washegari da sassafe ina kan kujerar likitan haƙori. Ya daɗe yana leƙe, sannan ya tambayi abin da nake sha. Na miƙa masa gorata da alfahari. Ya shinshina, ya ajiye.

"Madam, cittar ba ta da laifi sosai. Lemun tsami da zumar da kike jiƙa haƙoranki da su wuni guda, da tsamin da ke tasowa daga ciki, su suka cinye su. Ke kuma sai ki bi da buroshi daidai lokacin da suka yi laushi. In kin yi amai ki kurkure da ruwa, ki jira tukuna."

Na ce, "Dokta, ciki fa aka yanka. Ina ruwan haƙori?"

"Ai hanya ɗaya suke bi," in ji shi.

Ya yi mini ciko, na gaba ya dawo kamar ba a yi ba. Amma ya ce haƙoran tauna biyu na dama sun riga sun tafi, sai cirewa bayan biki.

Ranar Asabar na ba da waƙata, na tsaya a gaba, na yi murmushi, a hankali dai. Sai ga Mama an sauke ta da jarka cike da ruwan citta, tsarabata. Na ja ta gefe na faɗa mata komai. Ta kama haɓata ta duba bakina kamar lokacin da nake famfara, idonta ya kawo ruwa.

"Ni na yi miki wannan?"

"A'a Mama, rashin tambaya ne."

Ta dubi jarkar. "To a ba baƙi. Su haƙorin su na da ƙarfi."

Suka kuwa shanye tas, har ana neman ƙari.

Abin da na koya shi ne, ba a gyara jiki ɗaki-ɗaki. Garin neman gira saura kaɗan in rasa ido. Duk wanda aka rage wa tumbi, ya kai bakinsa a duba tun bai fara ciwo ba, kuma maganin gida ko na uwa ne a tambaya kafin a mai da shi ruwan sha. Yau hawan jinina ya sauka, gwiwoyina lafiya lau, loma kaɗan ke ƙosar da ni. Amma ita ma lomar, da gefe ɗaya nake tauna ta.