Shekarar da Malama Hajo Ta Koma Ɗaliba

A Tudun Wadan Zariya, idan yarinya ta gama sakandare tana son wucewa jami'a, gidan Malama Hajo ake fara kwatanta wa iyayenta. Gida ne na gado a wani lungu bayan masu sayar da katako. Zauren gidan aka faɗaɗa aka jera bencina, aka shafe bango ɗaya da baƙin fenti ya zama allo. Malama Hajo ta ƙare ƙuruciyarta tana koyar da ilimin halittu a wata makarantar 'yammata, da ta yi ritaya kuma zaman gida ya gagare ta. 'Yar maƙwabta ta fara yi wa bita, kafin shekara ta zagayo zauren ya cika. Mata zalla take ɗauka, shi ya sa magidantan da ba sa son 'ya'yansu su je lasin da ake cakuɗa maza da mata suke kawo su wurinta, wasu tun daga Gyallesu da Dutsen Abba.

Mace ce gajera mai kaifin murya, ba ta da yawan dariya. Ta san jarrabawar shiga jami'a ciki da waje, amma ta takarda. Ta san irin fensirin da ake so, da yadda ake fiƙe shi, da yadda ake cike ɗan gurbin amsa kada baƙin ya tsallaka layi. Da aka fara ba ɗalibai zaɓi tsakanin takarda da kwamfuta, ko shawara ba ta tsaya yi ba. Ta ce wa 'yammatanta duk su zaɓi takarda, kuma suka yi ta cinyewa.

Wata safiya tana tankaɗen gari ta ji a rediyo cewa daga bana an daina takarda, kowa da kwamfuta zai rubuta. Ta ajiye rariyar ta zauna. Ita ko wayarta ƙarama ce, mai tocila, saƙo ma sai ta ba jikarta ta karanta mata idan ba ta ga tabarau ba. Kwamfuta kuwa ta sha ganinta a ofishin shugabar makaranta an lulluɓe ta da ƙyalle, amma ba ta taɓa ɗora mata hannu ba.

Da yamma 'yammatan suka zo da tambayoyi. Idan mutum ya danna amsar da ba ita ba, ana gogewa? Idan aka ɗauke wuta fa? Wata ta ce ta ji an ce na'urar tana haɗiye amsoshi, wata ta ce ɗan ƙanen babanta ya ga wanda tasa ta mutu ana tsakiyar rubutu, aka ce ya tafi gida. Malama Hajo ta ce su buɗe littafi, za a zo wurin. Ta juya ta fara rubutu a allo.

Cikinsu akwai Bahijja, 'yar wani tela Malam Nagoda. Sau biyu tana zama jarrabawar, maki kaɗan ke hana ta, kuma ta riga ta faɗa wa ƙawayenta cewa idan ta faɗi wannan karon ta haƙura da karatu. Uban da kansa ya zo gaisuwa ranar wata Juma'a. Ya tsuguna a bakin zaure ya ce su dai ba su san komai game da wannan sabon abu ba, amma hankalinsu a kwance yake tunda yarinyar tana hannun Malama. Ta amsa da cewa Allah ya dafa. Bayan tafiyarsa ta kasa cin abincin rana.

Akwai tsohuwar ɗalibarta, Angela, 'yar Wusasa, mai shagon buga takardu a bakin titi, da 'yan kwamfutoci da ƙaramin janareta. Malama Hajo ta fara zuwa can da hantsi, lokacin da ta tabbata ba za ta haɗu da kowa cikin 'yammatanta ba. Angela ta sa mata kujera a can ciki, bayan labule. Ranar farko 'yar kibiyar nan da ke yawo a gilashin kwamfuta ta ƙi tsaya mata. Ta matsa hannu kaɗan, kibiyar ta tsere ƙurya. Ta danna sau ɗaya, abubuwa suka buɗe barkatai, ta janye hannu kamar ta taɓa garwashi tana tambaya ko ta ɓata. Angela ta yi ta ba ta haƙuri, tana ɗora hannunta a kan nata.

Sannu a hankali hannun ya fara faɗawa. Amma duk tambayar da ta yi game da ainihin ɗakin jarrabawar, Angela sai ta ce ita ma ji take, ba ta taɓa shiga ba. Iyaye da malamai ba a barinsu su wuce ƙofa. Malama Hajo ta dubi gilashin, ta ce, "To wa ake bari ya shiga?"

"Mai rubutawa kawai, Mama."

"Yi mini rajista."

Angela ta fara dariya, da ta dubi fuskarta sai ta daina. Aka tono tsofaffin takardunta daga ƙasan adaka, aka ɗauke ta hoto, aka ɗauki zanen yatsunta. Ta roƙi Angela kada kowa ya ji. Abin da ya fi tsaya mata a rai shi ne a ce malamar da ta tura ɗaruruwan yara jami'a ta zauna jarrabawar yara ta faɗi. Ta san Tudun Wada. Kafin magariba labarin zai kai Tudun Jukun.

Da aka fitar da ranaku, sai tata ta faɗo cikin rukunin farko, kusan mako guda kafin ta ɗalibanta. Ta ce wa mutanen gida asibiti za ta, ta shiga mota da sassafe zuwa wata cibiyar jarrabawa a hanyar Samaru. Lokacin bazara ne, tun da safe gari ya ɗau zafi. A bakin ƙofa mai gadi ya nuna mata gindin wata bishiyar maina inda iyaye suke zaune, ya ce Hajiya can za ta jira. Sai da ta miƙa masa takardar da ke ɗauke da hotonta. Ya duba, ya dube ta, ya matsa. Yaran da ke layi suka yi ta satar kallonta, ita kuwa ta ja mayafi ta rufe rabin fuska tana addu'ar kada ta ga wanda ya san ta.

A gaban layin akwai wata 'yar na'ura da ake ɗora yatsa. Da aka zo kanta ta ɗora, wuta ja ta kama. Ta sake, ja. Ma'aikacin ya juya hannunta ya ga lallen da aka yi mata na sunan jikanta, ya yi baƙi ƙirin har kan yatsu. Ya ce ta koma gefe tukuna. A gefen ta tarar da wasu 'yammata, su ma hannuwansu sun sha lalle, ɗaya tana kuka tana goga yatsa a jikin bango har ya fara jini. Malama Hajo ta riƙe hannun yarinyar ta hana ta. Layi ya yi ta raguwa har ya ƙare suna tsaye. Daga baya aka sake gwada su. Ita wani yatsanta na hagu da lallen bai kama sosai ba ya cece ta. Lokacin da ta shiga, mai kukan tana nan waje, kuma ba ta taɓa sanin yadda aka ƙare da ita ba.

Ɗakin sanyi ƙalau, babu abin da ake ji sai ƙarar fankoki da ƙas-ƙas ɗin dannawa. A saman gilashinta wani agogo yana ta cin lokaci da baya da baya. Tambayoyin ba baƙi ba ne, wasu ma ta sha rubuta irinsu a allo, amma duk sanda ta ɗaga ido ta ga agogon sai kalmomin su gauraye. Ana cikin haka kwamfutar yarinyar da ke kusa da ita ta ɗauke ɗif. Yarinyar ta ɗaga hannu, aka mai da ita wata kujerar, Malama Hajo ta kasa kunne har ta ji mai sa ido yana ce mata amsoshinta suna nan, ta ci gaba.

Ta gama Turanci, ta gama ilimin halittu. Tana neman inda za ta shiga darasi na gaba sai kibiyar ta sauka kan wani jan akwati a ƙasa, yatsanta ya danna. Wani rubutu ya fito a tsakiyar gilashin. Ta ɗauka ɓarna ta yi, kuma so take kawai abin ya ɓace kafin a gani. Ba ta karanta ba ta sake dannawa. Tambayoyin suka tafi gaba ɗaya.

Mai sa idon, wata matashiya, ta sunkuyo ta duba, ta ce a hankali, "Mama, ai kin miƙa. Kin gama ke nan."

"Saura darasi biyu, 'yata."

"Ki yi haƙuri, Mama. Ba ya dawowa."

Ba ta san yadda ta kai titi ba. A mota ta yanke cewa ba za ta faɗa wa kowa ba, za ta ce a bakin wani ta ji. Amma da la'asar, da ta tsaya gaban bencinan ta ga fuskar Bahijja, sai ta gane idan ta ce ji ta yi, za su sa shi cikin sauran jita-jitar da suka saba ji. Ta ajiye allin ta ba su labarin duka, har inda ta danna ba ta karanta ba. Ba wadda ta yi dariya. Ta ga tsoron ya ƙaru a idanunsu, har ta fara tunanin ko ta yi kuskuren faɗa.

Daga ranar ta hana lalle, ko na bikin wa ne. Ta riƙa kwasar su rukuni-rukuni zuwa shagon Angela, kowace ta zauna ta danna har hannunta ya saba. Ta sa Angela ta zana musu jan akwatin a kwali, ta ce kada wadda ta kusance shi sai ta ƙirga darussanta sun cika. Idan na'ura ta mutu, a ɗaga hannu a zauna, kada a tashi.

Ranar su Bahijja ta bi su, ta zauna gindin mainar cikin iyaye tana jan carbi. Duk yarinyar da ta fito kafin lokaci sai ta miƙe tsaye ta leƙa ko tata ce. Bahijja tana cikin na ƙarshen fitowa. Ta ce ta amsa duka, kuma sai da ta karanta rubutun nan har ƙarshe kafin ta miƙa.

Sakamako ya zo ta waya bayan 'yan kwanaki. Nata ta sa jikarta ta goge ba tare da ta faɗa mata makin ba. Bahijja ta ci, daga baya ta samu gurbin karatun jinya. Fiye da rabin ajin sun haye. Amma Rakiya, wadda ta fi kowa ƙoƙari a takarda, ta daskare a gaban gilashin, lokaci ya ƙare ba ta kai rabi ba. Malama Hajo ta taka har gidansu a Tudun Jukun ta roƙi a bar ta ta sake. Uwar ta karɓe ta da mutunci, ta kawo ruwa, ta ce za su yi shawara da malam. Rakiya tana ɗaki, ba ta fito ba, kuma ba ta sake dawowa zauren ba.

A shekarun da suka biyo baya manyan wuraren lasin masu ɗakunan kwamfuta suka buɗe a gari, iyaye da yawa suka kwashe 'ya'yansu zuwa can. Zauren Malama Hajo bai rufe ba, sai dai bencinan baya sun koma wurin ajiye buhunan masara. Angela tana zuwa ranar Asabar da kwamfutoci biyu na hannu. Idanun Malama sun yi rauni yanzu, ba ta iya daɗewa tana kallon gilashi. Duk da haka, da zarar an fara rajistar sabuwar shekara sai barcinta ya ragu, ta riƙa kiran Angela tana tambaya ko an canja wani abu bana, ko an matsar da wani maɓalli, ko an ƙaro wata doka. Idan Angela ta ce ba a canja komai ba, sai ta ce ta dai sake bincikawa.