Ruwan da Ba Shi da Gangare

Yayana bai taɓa ganin teku ba sai da ya shiga sojan ruwa. Mutumin da aka haifa a Tudun Wada, nan Minna, inda ko famfo sai ya ga dama yake kawo ruwa! Aka sa shi ɓangaren jirage masu saukar ungulu, irin waɗanda ke tashi daga kan jirgin yaƙi. In ya zo hutu ya dinga cika mu da surutu ke nan, wai wata rana mu ma za mu ƙera makami mai linzami na nutsar da jirgin abokan gaba, mu daina saye a waje. Ni kuwa in ce, "Yaya, don Allah ku fara gyara mana wutar lantarki tukuna."

Shekarar da na gama sakandare, da damina, sojoji biyu suka yi sallama a gidanmu da hantsi. Jirginsu Yaya ya faɗa teku wajen atisaye. An nema, an nema, ba a ga kowa ba.

Inna ba ta yi kuka ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ita 'yar bakin kogin Kwara ce, can ƙasa da Bida, danginta duk masu kwale-kwale. A wajensu in ruwa ya ci mutum, maza gangarawa suke yi su tsare can ƙasan kogin, don kogi yakan mayar da gawa. Sai ta dubi sojojin ta ce, "Ina ne gangaren? Ku faɗa mini in tura ƙannena su tsare."

Suka sunkuyar da kai.

Baffa, wan mahaifinmu marigayi, ya zo da liman, a yi wa Yaya sallar da ake yi wa mamacin da ba a samu gawarsa ba. Inna ta ce sam, ba a gabanta ba. Ruwa bai gama da shi ba, zai kawo. Makonni suka wuce, masu zuwa gaisuwa sun rasa ta'aziyya za su yi ko jaje. Raina ya ɓaci, wallahi, har na ɗaga mata murya. Na ce, "Inna, teku fa ba kogi ba ne!" Ta ce, "Ke kin taɓa ganinsa?"

Ban taɓa ba. Shi ya sa Baffa ya ɗauke mu har Legas.

Inna ta daɗe tsaye a bakin ruwan, iska na kaɗa mayafinta. Ta tsinci kara ta jefa, ta ga ina zai nufa. Ruwa ya ja shi, ya dawo da shi gabanta. Ta sake jefawa, ya sake dawowa, bai gangara ko'ina ba. Da muka iso Minna, a ƙofar gida ta ce wa Baffa, "Ku kira liman."

Bayan la'asar maza suka yi sahu a waje. Muna zaure muna jin kabbara. Inna ta riƙe hannuna gam, ta kasa leƙawa.

"Me suka ajiye a gabansu?"

Na leƙa. Na ce, "Ba komai, Inna. Ƙasa ce kawai."

A nan ne ta fashe da kuka.